Wa zai kwana da tsoho? Kundin aikinmu a Tawa

11 ga Janairu 2025

Yau muka tsayar da magana. Mu huɗu ne: wani majo, wato babban ma'aikacin jinya, da ya yi ritaya bayan ya ƙare ƙuruciyarsa a likitocin ƙauye, wata malama mai aikin jin daɗin jama'a, na'ibin limamin masallacinmu, sai ni da aka ɗora wa rubutu. Ba mu da ofis, ba mu raba wa kowa ko dala. Abin da muka ɗauka shi ne, idan tsoho ya kwanta, ko wani babba ya nakasa har ba ya iya riƙe kansa, mu zauna da iyalinsa su tsayar da inda zai zauna, da wanda zai kula da shi, da wanda zai biya, tun rigima ba ta riga su ba.

A lissafi, tsofaffi ba su da yawa a Nijar. Waɗanda suka kai shekara 65 ba su cika kashi 3 cikin 100 ba, kusan rabin ƴan ƙasa kuwa ba su kai 15 ba. Shi ya sa idon hukuma da na ƙungiyoyi yake kan mai ciki da jariri, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Amma Adar ƙasar ƴan bida ce. Shiga gida a Bilbis ko Fakuwa ka tambayi maza: babban yana Abijan, mai bi masa yana Libiya, autan yana Kamaru ko Legas. Kuɗi suna zuwa, ba a musu. Hannun da zai ɗaga tsoho ya kai shi bayi ne ba a aiko shi ta Nita, kamfanin aika kuɗi.

Zancen gidan ajiye tsofaffi irin na Faransa ba ya cikin lissafinmu. Ko ambatonsa ka yi, a'uzubillahi za ka ji. Abin da ke gaban mutanenmu shi ne a bar mutum a ɗakinsa wani ya tare gunsa, ko ɗaya daga cikin ɗiya ya ɗauke shi, ko a riƙa karɓa-karɓa, ko a ɗauki wani a biya shi. Wasu kuma su mayar da shi ƙauye wajen dangi. Kowanne yana da inda ya dace da inda yake cutarwa.

26 ga Janairu

Takardar tambayoyi ta fito. Majo ya soke tambayar "mece ce cutarsa" daga sama ya mayar da ita ƙasa. Ya ce ga mutum biyu masu hawan jini iri ɗaya, ɗaya yana zuwa kasuwar Lahadi da ƙafarsa, ɗaya sai an juya shi, to sunan cuta me ya gaya maka? Yanzu muna tambaya ne ko yana ci da hannunsa, ko yana tashi daga shimfiɗa ba a kama shi ba, ko yana kai kansa bayi, yana tsarki da alwala, yana sa riga, yana gane mutanen gida. Da an amsa waɗannan, nauyin aikin ya fito fili.

Malama ta ƙara guda wadda nake ganin ta fi sauran duka. Ta ce kada a tambayi wa ke kula da shi, don amsar kullum "mu duka" ce. A tambaya wa ya kwana da shi jiya, da shekaranjiya. Nan ne suna guda zai fito. Mun kuma sa sharaɗi biyu: ba ma zama sai mai wannan sunan yana wurin, kuma sai an tambayi shi mai jikin abin da yake so, muddin hankalinsa na tare da shi.

9 ga Fabrairu

Gida na farko. Dattijo ne da ya haura saba'in, tsohon mai sayar da hatsi, hawan jini ya kayar da shi farkon wancan wata, ɓarin hagu ya shanye. Magana tana fita, ko da yake da nauyi. Ɗiyansa maza uku duk suna waje. Mun tarar an jingina waya da kwanon sha a kan tabarma, biyu daga cikinsu suna kan WhatsApp daga Abijan, kuma sun riga sun gama shawara: a kai shi Yamai wajen ƙanwarsu.

Da aka zo tambayar kwana, sai aka yi shiru. Uwargidansa ce, wadda ita ma gwiwa ta hana ta sallah a tsaye, da jikansa ɗan shekara goma sha huɗu. Matar babban ɗan tana dafawa, tana wankin zannuwa safe da yamma, amma surukuta ba za ta bar ta ta yi masa tsarki ba, shi ma ba zai yarda ba. Wato tsohuwa ke wanke shi, yaro ke ɗaga shi, da safe yaron ya tafi lakwal ya yi ta gyangyaɗi. Na Abijan ba su san haka ba. Ba ɓoye musu aka yi ba, ba su tambaya ba ne, na gida kuma suna jin kunyar yi wa mai aiko da kuɗi ƙorafi.

Majo ya nemi izini ya yaye zanen. A dunduniyar hagu akwai tabo ja mai duhu, faɗinsa bai wuce dala ba. Ya danna da yatsa ya ɗaga, launin bai canza ba. Akwai irinsa a ƙasan baya, daidai ƙashin gindi. Ya ɗauki wayar ya haska musu, ya ce wannan ne farkon gyambon kwanciya, in aka bar shi zai huda har ƙashi, kuma ba allura ke hana shi ba, juyi ne, kowane awa biyu. Da ya ga ba mai duba agogo a gidan, sai ya ɗaura musu shi a kan lokutan da suka sani: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, lisha, da dare kuma a sa waya ta yi ƙara. Ya sa aka cire ledar da aka shimfiɗa kai tsaye a jikinsa aka mayar da ita ƙarƙashin zane, aka tokare ƙafar da matashi don dunduniya ta tashi daga katifa. Ya hana ba shi ruwa a kwance. Tun da yana ƙwarewa, a zaunar da shi sosai, a ba shi kunu mai ɗan kauri kaɗan-kaɗan, don abin da ya bi ta hanyar numfashi shi ke zama ciwon huhu.

Sannan aka tambayi mai jiki. Ya ce, "Ɗiyana, nan anka haihe ni. Ku bar ni inda nike jin kiran sallar masallacinmu."

Babban ɗan bai ji daɗi ba. Ya ce, "Baba Majo, mutane za su ce mun bar shi ya lalace a gida alhali muna da hali." A ganina nan ne gizo ke saƙar. Wanda ke nesa yana son abin da za a gani a ce an yi, Yamai kuwa abin faɗa ne. Ban ɗauke shi mugunta ba, zafin nisa ne. Amma tsakanin Tawa da Yamai akwai kimanin kilomita 550, ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, a jikin da fata ta fara buɗewa. Ƙanwar kuma tana haya ne a ɗaki biyu, tana fita aiki tun safe. Yamai tana da ƙwararru da na'urori, a babban asibitin ƙasa da na Lamorde da na Referans, kuma idan likitan da ke ganinsa a asibitin jiha ya ce a je, za a je a dawo. Sai dai zuwa awo daban, zama daban. Abin da ya fi gaggawa shi ne motsa gaɓoɓi, don mafi yawan abin da ke dawowa bayan shanyewar jiki yana dawowa ne a watanni uku zuwa shida na farko. An rabu a kan zai zauna gida, a nemi mai koya wa yaron da wani babba motsa hannu da ƙafa, a kuma bincika zuwa Galmi, asibitin mishan da ke aiki tun 1950, wanda ke da sashen wannan aikin.

22 ga Fabrairu

Lissafin kuɗi. Ragin kashi 50 cikin 100 da gwamnati ta yi a kan ganin likita da awo da kwanciya da tiyata a asibitocinta tun 1 ga Satumba 2024 ya sauƙaƙa, amma jinyar gida ba can take cin kuɗi ba. Tana cin su a maganin kowane wata, da sabulu, da ruwan wanki, da kunzugun manya, da kuɗin adaidaita zuwa likita. Mai fansho a CNSS ko CARENI, asusun fansho na ma'aikata, yana da ɗan abin dogaro, sai a tabbatar an shirya takardar wakilci tun yana iya sa hannu. Manomi da ɗan kasuwa ba su da ko ɗaya, su ne kuma mafi yawa.

Abin da muke ba kowa shawara yanzu: kowane ɗa ya faɗi adadi da bakinsa da ranar wata, ko jika biyar ce, a daina "in an samu". Mutum ɗaya ya karɓa ya rubuta a littafi, ya ɗauki hoton shafin ya tura wa kowa ƙarshen wata.

15 ga Maris

Azumi. Aiki ya koma hannun na'ibi. Wata tsohuwa mai ciwon suga ta ƙi shan ruwa, ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa sha ba, ba yanzu da take kusa da kabari ba. Majo ya yi ya gaji. Na'ibi ya zauna bakin ƙofarta ya ce, "Inna, wanda ya ɗora azumin shi ya sauke miki, ki ciyar in da hali. Ƙin karɓar sauƙinsa ba ƙarin lada ba ne." Ta sha. Wasu kuma sun ajiye maganin hawan jini gaba ɗaya har bayan salla. Mun ce a tambayi likita yadda za a mayar da shi sahur ko buɗa-baki, kada a tsayar.

19 ga Afrilu

Zafi ya wuce 40 kullum. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, ga kuma wani abu da Malama ta gano: da yawa suna rage shan ruwa da gangan don kada su yi ta kiran a kai su bayi. Kunya ce ke busar da su. Majo ya ce duk tsohon da jiya lafiya lau yau ya rikice, kada a ce tsufa ne. A duba ruwa, a duba zazzaɓi da fitsari, a kai shi likita ranar. Masu allurar suga da ba su da firji muna nuna musu su sa kwalbar a leda su ajiye a ƙaramin tulu cikin jiƙaƙƙen rairayi, a inuwa.

Wanda ke zuwa a hankali cikin shekaru shi ne gigin tsufa, kuma shi muka tarar a gida na biyu da ya ba mu aiki. Hajiya ce mai ɗiya uku da suka yi abin da kowa zai yaba: wata ɗaya a Tawa, wata ɗaya a Kalfu, wata ɗaya a Ƙonni, don kada nauyi ya faɗa wa mutum guda. Adalci ne a tsakaninsu, amma ita ke biya. Duk sauyin gida sai ta yi mako ba ta san inda bayi yake ba, ta farka da dare tana neman ƙofa inda ba ƙofa. Da la'asar takan ɗauki mayafi ta ce za ta je ta yi wa maigida tuwo, shi kuwa ya daɗe da rasuwa. A ɗaya daga cikin gidajen an fara kulle ta a ɗaki. A wani kuma, da ta shiga gidan maƙwabta da dare, sai aka fara raɗe-raɗin maita. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, don na san inda irin maganar take kaiwa.

An daɗe ana ja, amma an tsaya a kan ta zauna wuri ɗaya, a ɗakinta na Tawa da kayanta da ta sani, ɗiyan su riƙa karɓa-karɓar zuwa. An ɗaura gwangwanaye a ƙyauren gida don a ji in ta buɗe. An gaya wa mai shagon bakin layi da ƴan kabu-kabun da ke tsayawa nan, in sun gan ta su rako ta ba tare da faɗa ba. Malama ta ce a daina gaya mata maigida ya rasu, don kullum sabon mutuwa take ji. A ce mata to, Inna, bari mu fara ɓare gujiyar nan. Da tire a cinya takan zauna har magariba. Na'ibi ya yi maganar a masallaci bayan asuba ba tare da kama suna ba.

10 ga Mayu

Mun koma gidan dattijo mai hatsi. Dunduniya ta warke, na baya ya tsaya bai huda ba. Yana zama da kansa in an jingina shi. Amma tsohuwa ta faɗi a bayi, yaron kuma jarrabawa na gabansa. Dole a ɗauki mutum.

Nan aka yi ta. Ɗaya daga cikin ƴaƴan ya ce bare ba zai ga tsiraicin ubansu ba. Aka ce to ka dawo. Ya yi shiru. Daga ƙarshe aka samu wani magidanci a unguwar, ɗan abokin dattijon, wanda zai zo da asuba da bayan lisha ya yi ɗagawa da wanka da motsa gaɓoɓi, ya kwana dare uku a mako. Majo zai koya masa. Kan kuɗi, sun so su ba shi "abin goro". Na ce mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024. Ko da aikinsa ba na yini cur ba ne, a auna daga nan, a faɗi adadi, a faɗi ranar hutu. Abin goro wata biyu yake yi mutum ya fara samun uzuri.

Sai Malama ta kawo maganar surukar. Wata huɗu ke nan ta ajiye sana'arta ta ƙuli-ƙuli saboda wanki da dahuwar mara lafiya. Mijinta ya ce ai aikinta ne. Na'ibi ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ayar da ta yi umarni da kyautata wa iyaye in sun tsufa, a Suratul Isra'i, da kai take magana. Abin da matarka ke yi kyautatawa ce, kuma mai kyautatawa ana gode masa." Aka sa mata wani abu a lissafin wata, da yini ɗaya a mako da ƙanwar dattijon za ta karɓe ta. Ita ba ta ce komai ba a zaman. Da muka fito ta bi Malama har ƙofa.

Tun daga ranar muka ƙara layi a takarda: idan wannan mai kwanan ya kwanta ciwo gobe, wa zai karɓa?

14 ga Yuni

Wani iri daban. Magidanci ne a shekaru, ya kusa arba'in, yana da farfaɗiya tun yana yaro, hankalinsa kuma bai cika ba. Uwarsa ce ke riƙe da shi tun haihuwa, yanzu yanar ido ta rufe mata gani. Hannunsa na dama duk tabon ƙuna ne, ya taɓa faɗawa murhu. Yana da kwanonsa daban, don har yanzu wasu a gidan suna ganin ana ɗauka ta yawu. Ba a ɗauka, Majo ya sha ruwa a kofinsa a gabansu. Maganin farfaɗiya yana cikin masu araha, matsalar ita ce ana sha a bari, alhali tsayar da shi farat ɗaya shi ke tayar da faɗuwa mai tsanani.

Tambayar uwar guda ce: bayan ni fa? Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a sa yaro ya riƙa jan sa bara, wai ya ciyar da kansa. Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2007, ta amince da ita a 2008, akwai kuma dokar Disamba 2019 da ta zo bayan ta 1993, amma ba doka ce za ta ba shi ƙwayarsa da dare ba. Abin da muka iya shi ne, Malama za ta raka su ofishin jin daɗin jama'a da reshen tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu a ga abin da takardu za su rage musu. Mun matsa a duba idon uwar, don aikin yanar ido gajere ne, kuma in ta gani an ƙara wa gidan shekaru. Ƙanensa ya yarda zai ɗauke shi. Mun ce kada a jira ranar makoki. Ya fara yini a gidan ƙanen tun yanzu, ya saba da matar gidan da yara, a ba shi kiwon awaki biyun da yake so, nesa da wuta da rijiya. Rabonsa na gonar ubansu kuma a faɗe shi gaban shaidu, a san wanda zai noma da inda amfanin zai tafi.

12 ga Yuli

Ruwa ya sauka, ƴan bida sun fara dawowa noma. Babban ɗan dattijo mai hatsi ya iso, ya karɓi kwanan dare da kansa. Bayan mako ɗaya ya kira Majo ya ce a ƙara wa mai taimakon kuɗi. Dattijon yana tsayawa da sanda mai ƙafa uku in an riƙe shi, hannun dai bai dawo ba. Damina tana da nata: mata ma suna gona, gidaje suna zama wayam daga hantsi zuwa azahar, ga sauro. A gidan Hajiya, ɗiyar Kalfu ta ce ba za ta iya zuwa ba sai bayan noman biyu, ba a kuma samu wanda zai cike watanta ba tukuna.

An ɗauki muryar Majo a kan juyi da ciyarwa da shan ruwa, gajeru, ana ta turawa. Na gigin tsufa bai yi ba, ya yi tsawo, za a sake da muryar Malama. Keken guragu ɗaya da aka ba mu aro yana gida na uku ke nan, tayar gaba ta fara cin rairayi, sai an kai wa mai walda. Wani kafinta ya yi mana gwajin kujera mai rami da bokiti a ƙasa. Ta yi tsayi da yawa, za a rage ƙafafun a sa mata abin dafawa.

Zama na gaba ranar 26 ga wata bayan la'asar, a gidan Hajiya. Kafin nan Malama za ta kira ɗiyar Ƙonni ta ji ko za ta iya haɗa wata biyu a jere, a mayar mata bayan kaka.